Garantin Injin Yahuza

"Ku dubi nan," in ji Ɗangoggo, bakaniken shagon, yana nuna noti da yatsa. "An karya fentin kamfani. Wani ya buɗe injin nan."

Muhibba ta matso ta duba. Injin kwale-kwalen yana kwance a ƙasan shagon kawunta a Garki, mai shi kuma yana tsaye a gefe, hula a hannu. Yahuza ne, matuƙin da ke yawo da mutane a tafkin Jabi, wanda gidansu suka zo gaisuwar neman aurenta watan jiya.

Ita ce ta sayar masa da injin bara, ita ta karanta masa sharuɗɗan garanti: sabis a kan lokaci, a shagonsu kawai, kuma kada wani hannu ya taɓa cikinsa. Sau biyu ya kawo. A na uku kuɗin sabis ya tashi daga dubu talatin da biyar zuwa sittin, sai ya ce bari damina ta wuce. Yanzu injin ya buga gaba ɗaya.

Bayan la'asar ta same shi a bakin titi. Bai ɓoye mata komai ba. Hadari ne ya taso masa a tsakiyar ruwa, injin ya mutu, ga wata mata da 'ya'yanta a ciki suna kuka. Ya kwance kafiretar injin da hannunsa ya gyara, ya samu ya kai su gaɓa.

"Zan ce mu muka buɗe shi," ta ce. "Zan ce ka kawo sabis, ni na manta ban shigar ba. Don Allah, masoyi..."

Ya girgiza kai.

"Hibba, da ƙarya zan fara ciyar da ke?"

Ta fashe da kuka. Ta tuna masa cewa injin nan shi ne gonarsa, shi ne lefenta, in babu shi Kawu ba zai saurare su ba. Ya ce ya sani, amma ba zai iya ba.

Ashe Ɗangoggo na kusa yana ji. Shi kuwa ya daɗe yana sonta tana kaucewa. Kafin magariba ya kai wa kawunta, Alhaji Maiturare, labari a juye, wai Yahuza ne ke matsa mata ta cuci kamfani.

Washegari Alhaji ya kira su ofis su ukun. Shi ya riƙe Muhibba tun rasuwar mahaifinta, kuma ba ta taɓa ganin fuskarsa a haɗe haka ba. Ya tambayi Yahuza ko gaskiya ne abin da ya ji.

Yahuza ya sunkuyar da kai.

"Oga, laifina ne duka. Kada a taɓa ta."

Alhaji ya ce to maganar aure ta mutu, ya fita masa daga shago. Har Yahuza ya kama ƙofa Muhibba ta durƙusa.

"Kawu, ni ce. Ni na roƙe shi. Shi ya ƙi."

Alhaji ya dubi Ɗangoggo har sai da ya rasa inda zai sa idonsa ya sulale waje. Sannan Alhaji ya ce kowa ya tafi, bai ƙara komai ba.

Makonni suka wuce ba ya yi mata magana sai ta aiki. Yahuza ya sayar da ragowar injin a matsayin kayan gyara, ya koma tuƙa jirgin wani ana biyansa kullum. Muhibba ta rame. Ba ta neme shi ba, shi ma bai neme ta ba.

Wata Juma'a Alhaji ya ce ta shiga mota. Ba ta san inda za su ba sai da ta hango ruwan Jabi. Yahuza ya taso da sauri ya durƙusa, wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Maganar garanti ba ta hannuna," in ji Alhaji. "Ta kamfani ce, ka kuma karya sharaɗi. Ko sisi ba za ka samu ba."

"Na sani, Alhaji."

"Amma yarinyar nan tawa ce. Ka gaya wa manyanka su dawo."

Muhibba ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Yahuza kuwa ya kasa tashi daga durƙuson, har fasinjojinsa suka gaji da jira suka shiga wani jirgin.