Gashin Majema a Tsakiyar Darduma

Ranar Talata Likita ta dawo da dardumar da ta saya a wurin Tsoho, ta shimfiɗa ta a ƙofar masaƙa.

"Baba, wata uku kawai. Duba."

Tsoho ya tsuguna. Gefen dardumar na nan da sheƙinsa. Tsakiyar kuwa ta kwanta kamar tsumma, gashi na zuba. A kusurwa ga alamarsa, wadda shekara arba'in ba a taɓa dawo da ita ba.

Ya danna gefen da yatsa, gashin ya miƙe. Ya danna tsakiyar, ramin ya zauna. Ya zaro sili ɗaya ya ja, ya tsinke. Ya shinshina, ya tofar da yawu.

"Wannan ba ulu ba ne. Gashin majema ne."

"Mene ne bambancin?"

"Ulu na gari daga jikin tunkiya mai rai ake aske shi. Yana da maiƙo. Ki taka shi shekara talatin, tashi zai yi. Wannan da ruwan toka aka tuge shi daga fatar da aka feɗe. Gawa kika saya. Ki ba ni zuwa la'asar."

Mutum huɗu ne suka taɓa aikin: ƙanwarsa mai kaɗi, marini, sai masaƙa biyu, babban ɗansa da surukinsa.

Ya fara da ƙanwar. Tana zaune da mazari a hannun hagu.

"Yaya, wannan fuska fa? Wa ya mutu?"

"Sunana. Ba ni zarenki."

Ya jera shi da na tsakiyar dardumar. Nata murɗin hagu ne, don bahaguwa ce. Ɗayan murɗin dama.

"Da ni kake zargi? Ni da ko a mafarki ba na kaɗa shara?"

"Ci gaba da aikinki."

Marini bai ma bar bakin tukunya ba. Ya karɓi zaren tsakiyar daga hannun Tsoho ya yanka da wuƙa, ya nuna cikinsa fari fat.

"Jan da nake yi har zuciyar zare yake shiga, ka sani. Wannan kwalliya aka yi masa. Ko matata ba za ta yi rinin nan ba, ita da ke ƙona ruwan zafi."

Tsoho bai yi dariya ba. Ya koma masaƙa ya kira sauran biyun.

"Wa ya saƙa tsakiya?"

"Tare muka yi," in ji ɗan.

Surukin ya dubi ƙasa. "Baba, gefe na yi. Yaya ya ce in bar masa tsakiya, wai zanen na da wuya."

"Ko ni na saƙa, ai abin da aka ba ni na saƙa," in ji ɗan. "A tambayi mai kawo gashi."

"Ku miƙo hannuwanku."

Surukin ya miƙo. Tafinsa sumul, da laushi kamar na mai jego. Ɗan ya daɗe kafin ya zaro nasa daga aljihu. Duk sun tsattsage, gindin farce ya yi fari.

Tsoho ya riƙe hannun ya juya shi, kamar mai duba ruɓaɓɓen nama.

"Wanda ke aiki da ulu na gari ba ya sayen man shafawa. Maiƙon gashin ya ishe shi. Ni na tsufa, ga nawa. Kai toka ta cinye naka, don da kanka ka wanke gashin majemar kada a ji warinsa. Ka kai aka kaɗa a waje, aka rina a waje. Ka bar gefe da na gari saboda ka san gefe mai saye ke taɓawa. Ina ulun da ka cire?"

"Na sayar." Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ɗauka sai ta shekara biyar kafin ta nuna."

"Wato sai na mutu."



Tsoho ya ɗauki almakashi ya yanke alamarsa daga kusurwa, ya sa a aljihu. Da la'asar Likita ta zo. Ya ce mata zai saƙa sabuwa da hannunsa, kada ta kawo ko sisi.

Ɗan ya durƙusa a gabanta da gabansa.

"Baba, bari ni in saƙa ta. Ka tsaya a kaina, ka duba kowane ƙulli."

Tsoho ya zauna a kan kujerar saƙa, ya jawo zare.

"A'a. Ba za ka ƙara taɓa zarena ba."