Satar Kyamara a Kwarin Giginya

Abokan aikin Sufeto Uwaisu Nababa cewa suke kunnensa ya fi bakinsa aiki. Matarsa kuwa cewa take sai koko ya huce yake amsa gaisuwa.

Shekarar da satar mutane ta tsananta, hukuma ta kafa kyamara a kan dogon ƙarfe a Kwarin Giginya. Gari ya rabu biyu. Wasu suka ce tsaro ne, wasu suka ce baƙo ne da ba ya sallama, yana leƙen gidaje ta saman danga.

Ranar kasuwa, maza duk sun tafi, kyamara ta ɓace.

Sufeto ya tarar 'yan sintiri sun ɗaure Basiru ɗan acaɓa a zauren dagaci.

"Yallaɓai, shi ya fi kowa zagin na'urar nan," in ji Ja'afaru magini, shugaban sintiri. "Ɗan rahoton ɓarayin daji ne, a wuce da shi Kano."

"Na zage ta kam," in ji Basiru, "amma ni ko mangwaro ban iya hawa ba!"

"Kai fa, Malam Ja'afaru, ina kake lokacin?" in ji Sufeto.

"Kasuwa, tun hantsi."

A gindin ƙarfen Sufeto ya ga sawun tsani da ɓurɓushin jar ƙasar gini. Ya yi sallama a gidan da ke kusa. Tsohuwa Inna Hure ta fito.

"Inna, kin ga wanda ya hau?"

"Ina zan gan shi, ɗan nan? Ai sanarwa ya yi har sau uku: 'Za a hau sama, mata a kintsa!' Muka shige ɗaki."

"Ɓarawon?"

"Ɓarawo mai tarbiyya kuwa. Shekara talatin Ja'afaru yana mana yaɓen soro, mu kasa gane muryarsa?"

Kofur ɗin da ke tare da shi ya rantse ranar ya fara ganin haƙoran Sufeto.

Da suka koma zaure, Sufeto ya maimaita maganar Inna, Ja'afaru ya sunkuyar da kai.

"Baki ne ya riga ni, Yallaɓai. Ban taɓa taka tsani ban faɗa ba."

"Me ya kai ka?"

"Ni na fi kowa neman a kafa ta. Da aka kira ni ofis a nuna min hotunan da take ɗauka, sai ga matata Luba tana daka ba ɗankwali, ƙarti huɗu suna kallo. Kyamarar tana cikin rumbun gidana, ko ƙwarzane babu."

Zaure ya kaure da dariya, har dagaci. Sufeto ya ce zai rubuta a rahotonsa a juya fuskarta ta kalli hanya, sannan ya kwance Basiru da hannunsa. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa.

Kofur ya tasa Ja'afaru a gaba. A bakin mota Ja'afaru ya tirje, ya waiwayo.

"Basiru, ina sane na yi maka ƙazafi, saura kaɗan in hallaka ka. Don Allah ka yafe min."