Ba A Kashe Wa Yaya Waya

Ƙanena Auta ne ke tsaron na'urorin kamfaninmu, ni kuma ina cikin masu aiki daga gida. Dokarsa ɗaya ce, ya maimaita ta har ta gundure mu: duk wanda ya bugo yana neman a buɗe masa hanyar shiga na'urorin, ko Oga ne, a kashe a kira lambar da aka sani. Wanda ya yi sakaci kuwa, Auta sai ya mai da shi abin dariya a taro. Har ni ya taɓa kashe wa waya. Mama ta ji, ta wanke shi tas. "Yayarka za ka kashe wa waya? Haka na rene ka?"

Ranar da abin ya faru, da magariba ya koma ofis ɗauko cajarsa. Shi ya ba ni labarin daga baya, kansa a sunkuye. Kowa ya tashi. Ɗakin na'urori da sanyinsa, fankoki na gurnani, sai dai wani wari ya tare shi a ƙofa, kamar gashi ya ƙone. Wayar tebur ta yi ƙara, ya ɗauka.

"Auta, na kasa shiga. Buɗe min."

Muryata ce, in ji shi, har da ɗan tarin da nake yi kafin magana.

"Yaya, bari in kira ki."

"Kashe min za ka yi?" Muryar ta yi ƙasa-ƙasa. "Kuma?"

Kunya ta kama shi. Ya zauna, ya buɗe hanyar.

Fankokin suka tsaya cak.

Babban allon bango ya kawo haske da kansa, ya rabu gida-gida, kowane gida da kyamarar wani ma'aikaci. Ga ɗakin kwanan mai lissafinmu. Ga kicin ɗin sakatare. Ga falona, ni kan sallaya, 'yata tana barci a kujera kusa da kwamfutar.

Ina salla, ba waya a hannuna, kuma muryar ba ta bar kunnensa ba.

"Na gode, Auta."

Wani abu ya tsaya a falon, dogo, kansa ya wuce inda kyamara ke gani. Hannunsa kawai ake gani sosai. Yana miƙuwa, yana miƙuwa, wajen yarinyar.

Auta ya danna rufewa. Shiru.

Ya sake dannawa. Aka yi dariya a wayar, ba irin tawa ba.

Yatsun sun kai gefen zanin da na lulluɓe ta da shi.

Ya yi kukan kura cikin akwatin na'urorin, bakinsa na a'uziyya, ya damƙi wayoyin da hannu biyu ya fizge. Wuta ta watsa masa, allon ya mutu. Ni a gida ihun 'yata kawai na ji, na sallame na tarar da zanin a ƙasa, gefensa a babbake.

Washegari Oga ya tara mu a ofis, ya tambaya wa aka bugo wa jiya da muryar ɗan'uwansa. Wallahi hannaye suka tashi ko'ina, har nawa, don ni da muryar Auta aka kira ni. Dukanmu mun kashe mun kira, kamar yadda ya koya mana.

"To wa ya buɗe?"

Auta ya miƙe, hannuwansa naɗe da bandeji. Ba wanda ya yi dariya, har waɗanda ya sha yi wa dariya. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yanzu an ƙara tsaro, sai mutum biyu sun yarda ake buɗe wa kowa hanya, kyamarata kuma a liƙe take. Auta ya daina ba'a, ya daina haɗa ido da ni. 'Yata kuwa, da ta ji muryata daga wani ɗaki, ba ta amsawa sai ta leƙo ta ga fuskata. Mama ta ji komai. Ta dube shi ta ce, "Ko ni ce na bugo, Auta, ka kashe."