Faɗuwar Nico da Gangan

"Ka sake faɗuwa?! A lissafi, Nico? Kai da kake gyara wa Malama Ofelia kuskure a allo?"

Maribel ta jefa ludayi cikin tukunyar wake. Ƙanenta Nico yana bakin ƙofa yana ɓarar masara, kamar ba da shi ake ba.

"Tambayoyin ne da wuya, Yaya."

"Ƙarya kake! Malama ta ce farar takarda ka miƙa!"

Ya ɗaga kafaɗa, ya zagaya bayan gida.

Ta zube a kan kujera, idanunta sun cika. Tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce uwa, ita ce uba. A ranar da ake ziyarar kaburbura duk shekara ta durƙusa gaban kabarinta, tsakanin kyandir da furanni, ta yi alkawarin ba za ta yi aure ba sai Nico ya gama sakandare. Kowa a garin ya sani. Efraín, saurayinta mai tuƙa keken haya, shi ma ya sani, yana ta jira.

Ƙarar kekensa ce ta sa ta goge fuska, amma ta makara.

"Zuciyata, wa ya taɓa min ke?"

"Nico ne... In bai ci jarrabawar gyara ba, sai ya maimaita ajin ƙarshe. Efraín, ka nemi wata kawai. Na gaji da tsufar da kai."

"Kul! Kar in ƙara ji."

Ya zauna yana juya hularsa.

"Maribel, ranar da ya gama, ina za ki?"

"Gidanku mana, can garin Tlacolula, wajen mahaifiyarka. Kamar kowace amarya."

"Shi kuma fa?"

"Wajen Kawu Hilario zai..."

Sai yanzu ta gani. Alkawarin da ta ɗauka don ya ja yaron gaba, shi ne ya koya masa cewa ranar nasararsa ita ce ranar da zai rasa ta.

Ta miƙe da gudu. Nico yana jingine da bangon bayan gida, duk ya ji.

"Nico... da gangan kake yi?"

Ya sunkuyar da kai. "Cewa kika yi sai na gama. To in ban gama ba fa?"

"Shi ne za ka kashe rayuwarka?!"

"Mama ta tafi, Yaya! Ke ma ki tafi?"

Ta rungume shi, kuka ya ƙwace musu su biyun.

Efraín ya yi gyaran murya. "Kai, sarkin dabara, saurara. Babu inda za ta. Ni zan tare a gidan nan."

Nico ya ɗago da jajayen idanu. "Gidan mace? Direbobi za su cinye ka da tsiya! Mijin-ta-ce za su riƙa kiranka!"

"Su kira. Tsohuwata ma za ta yi fushi har Kirsimeti, ta gaji ta huce."

"Efraín, ka yi tunani..." Maribel ta faɗa.

"Na gama yi, masoyiyata. Ke nake so, kuma tare da wannan mai taurin kan kika zo." Ya juya ga Nico. "Amma alkawarin kabari ba ya tashi. Aurena yana hannunka. Za ka ci ko in mutu gwauro?"

Nico ya ja hanci.

"Lissafi ba matsala ba ne. Amma akwai tarihi..."

"Shi ma da gangan?"

"A'a. Shi kam da gaske na faɗi."

Dariya ta kuɓuce wa Maribel cikin hawaye.

"Shi ke nan, ni zan riƙa yi maka tambayoyi," in ji Efraín, "ko da yake ni ma ban san amsar ba."

Maribel ta kama hannunsa ta matse.

"Gobe ka biya coci," ta ce a hankali. "Ka ce wa Fada, limamin cocin, ya sa mana rana bayan jarrabawar gyara."