Malafa a Ƙofar Rumbu

Da hantsin jajibirin sabuwar shekara aka buga wa ofishin 'yan sandan gunduma waya cewa sandar mulkin garin San Mateo Lachiza ta yi ɓatan dabo. Insfekta Nemesio Cuevas ya ture kofin gahawarsa, ya hau mota. Shi ma ɗan duwatsun nan ne, ya san abin da ke ƙasa. Gobe za a miƙa sandar ga Doña Herminia, mace ta farko da taron gari ya zaɓa. In babu sanda, dattawa za su ce waliyyin gari bai amince ba, a rushe zaɓe, a sake jeruwa a layi bayan 'yan takara.

Ya tarar da Don Casimiro, shugaba mai barin gado, a ƙofar ofishin gari, yana ta jimamin da bai wuce fatar baki ba.

"Yallaɓai, ba sai ka wahala ba. Yarinyar ƙungiyar matan nan ce, Yolanda. Ta zo daga birni tana koya wa matanmu ɗaga murya a taro, yanzu kuma ta ɗauke mana sanda ta yi ado da ita a falo."

"Ka gan ta?"

"Ai ba sai na gani ba."

Insfekta ya duba ƙofa. Kwaɗo lafiya lau. A ƙasa, daidai inda sandar ke tsayawa, ga guntun kyandir, ga kuma danshin giyar meskal da aka tsiyaya. Ɓarawon nan sai da ya nemi izinin sanda, yadda 'yan gari ke yi, kafin ya ɗauke ta.

"Makulli fa?"

"A wuyana yake kwana. Bai taɓa barin jikina ba."

Insfekta ya shafa bango, farar ƙasa ta biyo yatsansa.

"Da wannan bayan naka mai ciwo ka yi shafen nan?"

Don Casimiro ya sosa ƙeya. "To... jiya na ba masu aikin gayya makullin na ɗan lokaci. Don Melitón ne shugabansu. Amma haba, mijin Herminia ne fa. Shi ya fara tsayawa a bayanta ran zaɓe."

Yolanda na zaune a barandar makaranta, jakarta a ɗaure, don an ce ta bar gari kafin faɗuwar rana. Idanunta sun kumbura.

"In za ki ɗauki sandar nan, me za ki fara yi?" in ji Insfekta.

"Me kuwa? Hannu zan sa in ɗauka. Amma wallahi ban taɓa ta ba. Ranar da na matsa kusa da ita kawai, sai da dattawa suka yi mini caa."

"Kwance jakarki," ya ce. Wanda bai san hanyar rafi ba ba ya gurɓata ruwa.

A gidan Doña Herminia mata sun cika tsakar gida suna niƙan barkono na bikin da ba su san ko za a yi ba. Don Melitón ya taro Insfekta da fara'a, malafarsa a ka, dattijo mai faɗin ƙirji da saurin rantsuwa.

"Shafe na yi, yallaɓai, amma na waje. Ƙafata ba ta taka cikin ofis ba. Ni da na bi gida gida ina roƙa wa matar nan jama'a?"

"Gaskiya ne," in ji Doña Herminia daga bakin murhu. "Da ba don shi ba, da ban tsaya ba." Ta juya ga mijin. "Melitón, masara ta ƙare, ɗebo mana a rumbu."

"Aika wata mana."

"Kai ka rufe shi jiya ka tafi da makulli."

Ya tafi yana jan ƙafa. Insfekta ya bi shi da ido. A ƙofar rumbu Don Melitón ya buɗe kwaɗo, hannunsa ya tafi kai da kansa, ya cire malafa ya dafe ta a ƙirji, sannan ya shiga. Sabo turken wawa.

Insfekta ya miƙe.

"Don Melitón, ni da na shigo gidanka da kaki ba ka cire mini malafa ba. Wane babban mutum ne a cikin rumbu?"

Insfekta ya cire tasa hular, ya shiga. A bayan buhunan masara sandar na tsaye a kan kujera, an shimfiɗa mata sabon mayafi don kada ta taɓa ƙasa, ga furanni a gindinta.

Don Melitón ya zauna a dokin ƙofa.

"Ni ne," ya ce. "Jibi zan mayar da ita, in an sake zaɓe."

Doña Herminia ta matso, hannunta duk ƙullun masara. Muryarta ba ta tashi ba.

"Kai ka ce in tsaya. Kai ne na farko a layina."

"Na ɗauka ba za ki ci ba, Herminia. Na ce a gan ni a bayanki, a ce Melitón wayayye ne, ki faɗi, mu dawo gida. Ina waigawa sai na ga layi har bakin coci." Ya juya malafar a hannunsa. "Tun ran nan a kasuwa uwargidan shugaba suke ce mini. Wai wa zai toya mini waina."

"Kuma ka yi shiru za a kori yarinyar mutane," in ji Doña Herminia.

Abin ya ci ta ƙwarai, don da Don Casimiro ne da ko a jikinta. Ta shekara tana tsaron ƙofar gida, ashe ɓarawon na kan gadonta.

Motar gunduma ta ɗaukar masu laifi ba ta iso ba sai washegari da rana, daidai lokacin da gari ya cika dandali. Aka fito da Don Melitón daga ɗakin tsaro, Insfekta na riƙe da damtsensa. Hanyar mota ta gaban taro ta bi. Doña Herminia na tsaye, sanda a hannunta, Yolanda a gefenta.

Da suka zo daidai, Don Melitón ya tsaya ya cire malafa. Wasu mata suka fara murmushi, suna tsammanin tuba ne.

Doña Herminia ta dube shi, ta dubi sandar.

"Mayar da malafarka, Melitón," ta ce. "Na san ba ni ka cire wa ba."