Ƙodar Marigayiya

Mai haska fim a sinima ya gaji da wannan fim ɗin: an dasa wa mutum zuciyar mamaci, mamacin ya biyo sawu don ya ƙwace abarsa. Ya karanta tsohon littafin da suka yagi labarin daga ciki, babu wannan ihun banza.

Shi ma da ƙodar matarsa yake yawo. Ta ba shi, ta rasu a ɗakin tiyata, ko a mafarki ba ta leƙo shi ba. Kwanan nan ya daina shan maganin da ke riƙe ƙodar. Ya gaji.

Da aka watse ya sauko kashe fitilu, ya tarar da wata mata a layin baya, dafe da kwiɓi. Warin asibiti ya cika wurin.

"Baiwar Allah, an tashi."

"Ƙarya suke yi a fim ɗin nan," ta ce, muryarta kamar daga ƙarƙashin ruwa. "Ba ƙwace muke zuwa yi ba."

"To me?"

Ta ɗora hannu mai sanyi daidai kan tabon ɗinkinsa, babu lalube.

"Sau biyu kake so ka binne ni, Maigida?"