Wa Zai Gaji Gangar Baba?

Ga ta nan, ga ta nanku! Ta zo mu saurara.

A wani gari an yi makaɗan noma biyu, Bawa da ƙanensa Nomau. Bawa ya yi suna tun yana ƙarami, Nomau kuwa ba a san shi ba. Mahaifinsu ya ce ranar gayya za a ga mai gadon gangarsa.

Bawa ya kaɗa, manoma suka ajiye garma suna rawa. Nomau ya kaɗa wa kowane manomi takensa, kowa ya duƙa, aka gama gona kafin azahar.

Bawa ya ce, "Kai, ina ka koyi takensu?"

Nomau ya ce, "Yaya, lokacin da suke kallonka, ni su nake kallo."

Bawa ya ɗauko gangar, ya rataya wa ƙanensa. Ya ce, "Gobe ka fara koya mini."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera!